Yadda za ka tattara tarihin Otal ɗin Durbar tun masu labarin suna raye

Duk wanda bai haura shekara 30 ba a garin Kaduna bai san Otal ɗin Durbar yana aiki ba. Kango ya buɗe ido ya gani a bakin titin Muhammadu Buhari, wanda mu muka taso muna kira Waff Road, har zuwa watan Janairun 2020 da katafilolin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, suka kwantar da shi, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i. Gwamnati ta ce wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari, iyalan marigayi Janar Sani Abacha kuma suka ce dukiyarsu aka rushe alhali magana tana gaban kotu. Iyakar abin da yawancin matasa suka riƙe ke nan, rigimar mallaka da ranar rusau. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shekarun da otal ɗin ya yi yana sauke manyan baƙi, yana ɗora tukunya a gidajen ma'aikatansa. Waɗannan shekarun a bakin tsofaffi suke, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.

Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma tun bayan rusau nake bin wannan labari unguwa-unguwa. Ga yadda nake ganin ya kamata ɗalibi, ko ɗan jarida, ko duk mai kishin garin nan ya kama aikin.

Ka fara haddace shekarun

Kafin ka je ko'ina, ka riƙe 'yan shekarun da komai zai rataya a kansu. Gwamnatin Tarayya ce ta gina Durbar saboda bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na 2, wato FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Legas ce ta ɗauki yawancin shagulgulan, can aka gina babban gidan wasanni na Iganmu da unguwar Festac, amma hawan daba Kaduna aka ba, baƙin da za su zo kallon dawakin sarakunan Arewa kuwa dole a sama musu masauki. Tun zamanin Janar Yakubu Gowon aka ɗauko shirin. Juyin mulkin Yulin 1975 ya sa aka ɗaga, aka kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976, sai a hannun Janar Olusegun Obasanjo aka yi bikin. Otal ya ci gaba da aiki a hannun gwamnati har Janar Babangida ya kafa kwamitin sayar da kadarori a 1988 ƙarƙashin Dakta Hamza Zayyad. A farkon shekarun 1990 Durbar ya koma hannun kamfanin Kabo, daga baya sunan iyalan Abacha ya shigo. Bayan rasuwar Abacha ranar 8 ga Yunin 1998 shari'a ta ɓarke tsakanin iyalan da Gwamnatin Tarayya, aka garƙame ƙofa, ba a sake buɗewa ba.

Amfanin wannan hadda zai fito maka ranar da ka zauna gaban dattijo. Tsoho ba ya ce maka 1984, cewa zai yi shekarar da Buhari ya canja kuɗi. Zai ce maka lokacin Udoji, wato lokacin ƙarin albashin ma'aikata, ka san tsakiyar shekarun 1970 yake nufi. Ya ce lokacin Shagari, ka san tsakanin 1979 da 1983 ne. Kai ne za ka mayar da su lissafi a littafinka, ba tare da ka katse shi ba.

Akwai kuma rikitar da za ka yi ta cin karo da ita. Otal ɗin Hamdala da na Durbar a titi ɗaya suke, kuma Hamdala ya girme shi nesa ba kusa ba. Idan wani ya ce maka ya ga Sardauna yana cin abinci a Durbar, kada ka ƙaryata shi a gaban 'ya'yansa, amma ka sani Sardauna ya rasu ranar 15 ga Janairun 1966, shekara 11 kafin FESTAC. Wataƙila Hamdala yake tunawa. Labarin yana iya zama gaskiya, wurin ne ya sauya a ƙwaƙwalwa.

Mutane tukuna, takarda daga baya

A nan nake saɓa wa yadda aka koya mana a jami'a, inda ake cewa a fara da ɗakin karatu. Jaridar 1977 da ke ajiye a kanta za ka same ta baɗi yadda ka bar ta. Wanda kuwa ya kama aiki a Durbar yana ɗan shekara 25 ranar da aka buɗe, yau ya haura 70. Saboda haka watanninka na farko na tsofaffin ma'aikata ne, kuma kada ka tsaya neman manaja da akawu kaɗai. Ka nemi kuku, da sabis, da mai wanki da guga, da maigadi, da mai gyaran wuta, da mai ban ruwan furanni, da matan da ke gyaran ɗakuna. Ka nemi waɗanda ba a biyansu albashi amma a bakin ƙofar suke samun na abinci, irin su direbobin tasi, 'yan canji, mai tsire, masu sayar da jakunkunan fata da sassaƙa ga Turawa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Samunsu ba wuya idan ka kama bakin zaren. Shiga duk wani tsohon otal a garin nan ka tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a kicin, domin ma'aikatan otal sun san juna, kuma da aka rufe Durbar wasu wuraren suka watsu. Tambayi tsofaffin direbobi a tashoshin mota, da masu kasuwanci a gefen Hamdala. Mutum ɗaya kake buƙata. Kafin ka tashi daga gabansa zai lissafa maka waɗanda suke raye da unguwannin da suke.

Sannan dole ka ƙetare Kogin Kaduna, wanda ya raba garin gida biyu. Ma'aikatan Durbar ba Hausawa ne kaɗai ba, akwai mutanen Kudancin Kaduna, da Yarabawa, da Ibo, da Tibi, da Nufawa. Rikicin addini na Fabrairun 2000 ya raba mazaunin garin nan, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a kicin ɗaya wasu suka koma Sabon Tasha da Kakuri da Narayi, wasu suka tsaya Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Idan ka tsaya a ɓangarenka kawai, rabin labari ka samu. Kuma na ga yadda fuskar dattijo ke sauyawa idan ka ce masa abokin aikinsa na can ƙetare yana nan da rai, har yana gaishe shi. Wani lokaci kai ne za ka zama sanadin da za su yi waya da juna bayan shekara 20.

Yadda za ka shiga gidan yana da muhimmanci. Ka tafi da wanda maigidan ya sani, da hantsi ko bayan la'asar, da ɗan goro ko sukari da shayi a leda. A zuwan farko kada ka fito da waya kana neman ɗaukar murya. Ku gaisa, ka faɗi ɗan wane ne kai, ka ce, "Baba, wurinka na zo ɗaukar karatu a kan Durbar, duk ranar da ka ga kana da sarari." Idan tsohuwa ce, ya fi kyau ƙanwarka ko maiɗakinka ta yi hirar, domin abin da Mama za ta faɗa wa 'ya mace ba za ta faɗa maka ba. Idan ranar ta zo, ka nemi izini a fili kafin ka kunna rikoda, ka fara da faɗin kwanan wata da unguwa da aikin da mutumin ya yi, don kada sautuka su cakuɗe maka nan gaba.

Kada ka ce masa ya ba ka tarihin Durbar. Zai ce maka wuri ne mai kyau, manya suna zuwa, shi ke nan hira ta mutu. Tambaye shi abin da hannunsa ya taɓa. Wa ya kai shi aikin? Nawa ne albashinsa na farko, me ya saya da shi? Ƙarfe nawa yake kama aiki, ta wace ƙofa ma'aikata ke shiga, a ina suke sa kayan aiki, a ina suke salla? Daga wace kasuwa ake sayo nama da kayan miya, wa ke kawowa? Wane lokaci ne ɗakuna ke cika har a rasa wurin sa baƙo, lokacin baje kolin kasuwar duniya ko lokacin taron siyasa? Yaushe ya fara lura baƙi sun ragu, kafin gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991 ko bayan nan? Ta ƙarshe, wadda ba na taɓa bari: ranar da aka rufe, yaya aka sanar da su, kuma me ya koma yi?

Wani tsohon mai guga da na ziyarta a Unguwar Shanu ya fi minti goma yana ba ni amsa guntu-guntu, har na tambaye shi yadda ake shirya teburin liyafa. Sai ya ce wa jikarsa ta miƙo hankici. Ya shimfiɗa shi a kan tabarma, ya goge da tafin hannu, ya ninka kusurwa zuwa kusurwa, ya sake ninkawa, ya tsayar da shi cak kamar hula. Yatsunsa duk sun kumbura da sanyin ƙashi, amma ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. A wuyan hannunsa na dama akwai tabon ƙuna, ya ce injin guga ne ya yi masa a shekararsa ta farko. Daga nan baki ya buɗe, sai da aka kira magariba muka tashi. Ka nemi abin da zai sa hannun mutum ya motsa, magana za ta biyo baya.

Wata dabarar da ba na wasa da ita ita ce zane. Tunda ginin babu shi, ka tafi da babbar takarda da fensir, ka roƙi kowane ma'aikaci ya zana maka wurin yadda yake tunawa: ƙofar shiga, wurin karɓar baƙi, ɗakin taro, kicin, ɗakin wanki, inda janareta yake. Wanda ba ya riƙe fensir ya zana a ƙasa da tsinke, ka ɗauki hoto. Kowa ɓangarensa ya fi sani. Kuku zai cika maka bayan gida ya bar gaba fayau, direban tasi kuma harabar gaba kawai ya sani. Idan ka jera zanen mutum biyar ko shida, ginin zai fito.

Otal wuri ne na sirri, wannan kuma sai ka yi hattara. Akwai mashaya, akwai daren rawa, akwai wanda ya kwana inda bai kamata ba. Mutumin da ya yi aiki a mashaya a 1980 yau yana iya zama na sahun gaba a masallacin unguwa ko dattijon coci, da surukai da jikoki. Idan ya ce kada ka sa sunansa, kada ka sa. Idan ya ba ka labarin wani babba da abin kunya a ciki, ka bar shi a littafinka. Tarihin wuri muke nema, ba tonon asirin bayin Allah ba.

Hotuna da 'yan kayayyaki

A kowane gida ka tambayi albam. Liyafar aure, walimar ƙarin girma, taron ƙungiya, duk an yi su a Durbar, hotunan suna cikin akwatuna a ƙarƙashin gado. Kada ka karɓi hoton mutane ka tafi da shi, ko sun ce ka tafi da shi. Ka shimfiɗa shi a inuwa ka ɗauka da waya a nan take, gaba da baya, domin a bayan ne ake samun hatimin mai hoto, wani lokaci har da kwanan wata da biro. Hatimin nan zai kai ka tsohon shagon hoto, inda wataƙila magada suna riƙe da sauran.

Hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp kuwa sai an tace. Idan ka ga motoci suna bin hannun hagu, hoton ya girmi Afrilun 1972, ba Durbar ba ne. Idan takardar farashi ta nuna fam da sule, ta girmi Janairun 1973 da aka fara naira. Lambar mota mai ɗauke da kirarin jiha daga 1992 ta fara, saboda haka tana nuna maka shekarun ƙarshe ne. Kuma ka sani an yi wani otal mai suna Durbar a Legas, a yankin Amuwo Odofin, shi ma na zamanin FESTAC. Sau da yawa hotonsa ne ake liƙa wa sunan Kaduna.

Kada ka raina ƙananan abubuwa. A gidan wata Hajiya a Unguwar Rimi, cikin kabad ɗin da take jera kwanukan aurenta, na ga kofin shayi fari da tambarin otal ɗin a gefensa, bakinsa ya ɗan ɓantare. Maigidanta ne ya samu lokacin da yake aiki can, ita kuma ba ta taɓa bari an sha ruwa da shi ba. Rasit, katin gayyata, katin shaidar ma'aikaci, mariƙin makulli mai lambar ɗaki, takardar sallama daga aiki, duk ka ɗauki hotonsu ka rubuta a hannun wa suke. Rasit guda ɗaya zai gaya maka kuɗin kwana a shekarar da aka rubuta shi, abin da ba wanda zai iya tuna maka daidai.

Sai ɗakunan ajiya

Bayan ka cika littafi da sunaye da shekaru, yanzu ka san abin da kake nema a takarda. Jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966, a nan Kaduna aka riƙa buga ta, kuma ita ce idon Arewa a wancan zamani. Ga Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta faro tun 1939 a Zariya, mai ba da labari da harshenmu. Ka nemi tsofaffin fitowarsu a Arewa House da ke titin Rabah, gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa a titin Yakubu Gowon, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa daga makaranta ko wurin aikinka, ka tambayi dokarsu a kan ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya.

Fara daga farkon 1976 zuwa Maris na 1977, ka bi kwana-kwana. Shawarata ita ce ka fi mai da hankali ga tallace-tallace fiye da kanun labarai. A can ne za ka ga sanarwar neman ma'aikata da sharuɗɗanta, da neman 'yan kwangila, da sanarwar taron kamfanoni, da daren da wane makaɗi zai yi wasa. Idan kana bin fayilolin gwamnati, ka tuna daga 1967 zuwa 1976 sunan jihar nan Jihar Arewa ta Tsakiya, kuma titin da tsohon sunansa za ka same shi. Takardun da suka fi yawa a ofishin titin Yakubu Gowon na zamanin Turawa ne da na gwamnatin Jihar Arewa, saboda haka sun fi amfani wajen gano abin da ke filin kafin a kafa harsashi. Ka leƙa Rediyon Tarayya na Kaduna da NTA, ka gaisa da tsofaffin ma'aikata, ka tambayi ko akwai faifan hawan daba na 1977.

Maganar mallaka ba na son ka nutse a cikinta, amma ba za a tsallake ta ba. Tarihin fili yana KADGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Kaduna, rajistar kamfani tana CAC, hukumar rajistar kamfanoni, takardun sayarwa kuma sai a nema a BPE, hukumar sayar da kadarorin gwamnati da ta gaji kwamitin Zayyad. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya, kuma ta ce a ba ka amsa cikin kwana 7. Hukuncin kotu ana neman kwafinsa mai hatimi a wurin magatakarda. Ka samu lauya ya nuna maka yadda ake rubuta buƙatar. Idan ka zo rubutu, ka ce gwamnati ta ce kaza, iyalan sun ce kaza, kotu ta ce kaza a rana kaza. Kai ba alƙali ba ne.

Filin kansa kada ka haura shinge. Buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai inda ake komawa hotunan shekarun baya; ka ajiye na kafin 2020 da na bayanta, ka gwada su da zanen da tsofaffi suka yi maka. Bidiyon rusau da mutane suka ɗauka da waya da rahotannin jaridu na wancan Janairun, ka sauke su yanzu ka adana, domin abin intanet yau yana nan gobe an goge.

Rubutawa da mayarwa

Ka ware babban littafi guda, kowace magana ka rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, ko mutum ɗaya da takarda, shi za ka rubuta kai tsaye. Inda suka saɓa, ka kawo duka biyun. Kuma ka rubuta da Hausa tukuna, don masu labarin da jikokinsu su iya karantawa. Fassara ta biyo baya.

Sautuka da hotuna kada su zauna a waya ɗaya. Ka zuba a kwamfuta, ka zuba a filashi ka ba wani amintacce, ka tura wa kanka ta imel, sannan ka je Arewa House ka yi magana da su a kan ajiye kwafi, tare da takardar da ke nuna wanda ya yarda a bayyana sunansa da wanda bai yarda ba.

Kafin ka wallafa komai, ka koma gidan kowane dattijo da hotonsa da ka wanke masa, ka zauna ka karanta masa abin da ka rubuta daga bakinsa. Zai gyara maka shekara, zai ce ka cire wata magana, kuma kusan kullum sai ya tuno wani abokin aiki da bai ambata ba a zaman farko. Ka karɓi kwatancen gidan, ka je a cikin makon.